Kundin aiki: duba lafiyar wani dam na shaƙatawa a bayan garin Sakkwato da tantance matakin haɗarinsa

14 ga Janairu, 2025

Dam ɗin ginin ƙasa ne, mallakar wani ɗan kasuwa. Shekara 18 ke nan da aka tare wata ƙorama da shi a kudu maso gabashin birnin Sakkwato, da nufin ban-ruwan lambu da kiwon kifi. Daga baya aka kawo kwale-kwale, aka kafa rumfuna, ya zama wurin da iyalai ke zuwa shan iska. Babu zanen gini, babu takardar gwajin ƙasa, don haka komai sai an auna daga tushe.

Mun kafa alamar awo a kan wani falalen marmara a gefen hagu, muka ba ta lamba 100.00, kowane tsayi kuma daga nan ake lissafa shi. Tsawon ganuwa, wato tarin ƙasar da ke tare ruwan, mita 310 ne. Ƙasan ƙorama yana 93.60, kan ganuwa a gefe da gefe yana 100.00, wato tsayinta mita 6.4. Amma a tsakiya, daidai inda tsohuwar ƙorama ta bi, kan ya nitse zuwa 99.70. Nan ne ƙasar da aka tara ta fi kauri, nan ne kuma ta fi zaunawa. Bakin mafitar rarar ruwa yana 99.10. Ke nan tazarar da ke tsakanin cikar dam da tsallakewar ruwa santimita 60 ce kacal, ba 90 da ido ke nunawa daga gefe ba.

Faɗin ruwa idan ya cika hekta 9 ne. Da igiya mai nauyi a cikin kwale-kwale muka auna zurfi a layi-layi, lissafi ya ba da kimanin kubik mita 200,000. Hukumar manyan madatsun ruwa ta duniya tana kiran dam babba idan tsayinsa ya kai mita 15, ko kuma yana tsakanin mita 5 zuwa 15 amma yana riƙe fiye da kubik mita miliyan 3. Namu bai kama ƙafar wannan ba. Dam ɗin Goronyo, mai kubik mita miliyan 942, ya ninka shi fiye da sau 4,000. Irin wannan ƙanƙanta ce ke sa ƙananan madatsu su shekara da shekaru ba wanda ya leƙa su.

22 ga Janairu

An zagaya ganuwa da ƙafa, gaba da baya, an rubuta duk abin da ido ya gani.

Bayan ganuwa ya yi tsaye da yawa: kowace mita 1 ta tsayi, mita 1.5 kawai ta faɗi. Ga ƙasa irin wannan abin da ya dace 2.5 ne. Faɗin kai a wasu wurare mita 2.2 ne, mota ba ta iya bi. Akwai dogon yaro 23 da bagaruwa 6 a jikin ganuwa, waɗanda aka bari don inuwa. Suri 4, ramukan gafiya da na damo sun fi 30, yawancinsu a gindin itatuwa. A ɓangaren ruwa, igiyar ruwa ta ci ƙasa ta yi gaɓa mai zurfin rabin mita, saboda iskar hunturu daga arewa maso gabas take bugowa kai tsaye.

Abu biyu ne suka fi tayar da hankali. Na farko bututun ƙarfe mai faɗin milimita 300 da ya ratsa ƙarƙashin ganuwa, bawul ɗinsa kuma a baya yake, ba a ɓangaren ruwa ba. Ma'anar haka ita ce bututun cike yake da ruwa mai matsi dare da rana. Ranar da tsatsa ta huda shi, cikin ganuwa ruwan zai fesa, ba wanda zai gani sai ƙasa ta fara rufzawa. Na biyu wani wuri mai danshi a gindin ganuwa, tsawon mita 25, inda kacala ta fito shar a tsakiyar rani. Ciyawa mai kore a watan Janairu a ƙasar Sakkwato shaida ce ta ruwa, ba sai an tambaya ba.

Kowane dam na ƙasa yana tsatsafo. Abin dubawa shi ne yawan ruwan da launinsa. Mun tattara shi a ɗan lambatu, muka kafa faranti mai tsaga irin ta harafin V, kusurwa digiri 90. Ruwa ya hau santimita 4 a kan tsagar, wato kusan lita 0.44 a sakan. An ɗiba a kwalba an ajiye kwana guda, babu laka a ƙasa. In da ya fito kamar ruwan koko, da yau ɗin nan aka fara rage dam, domin hakan na nufin ruwa yana kwashe cikin ganuwa yana haƙa wa kansa hanya. Tsallakewar ruwa ta kai da wannan zaizayar ciki su ne manyan abubuwa biyu da ke karya madatsun ƙasa a ko'ina.

Ramukan gwaji 5 sun nuna ganuwar haɗin gambiza ce: yumɓu, jigawa, har da baƙar lakar fadama mai tsagewa idan ta bushe. A gefen dama an tarar da farin dutse mai ramuka, dangin wanda ake haƙa a Kalambaina don yin siminti. Ruwa yana bin irin wannan dutse cikin sauƙi, kuma mun fi zaton wani kaso na tsatsafon ta nan yake zagayowa.

5 ga Fabrairu

Lissafin ruwan da ke shigowa. Filin da ke zubo ruwa cikin ƙoramar murabba'in kilomita 7.5 ne, rabi gonakin gero, rabi fako mai marmara wanda ruwa ba ya shiga. Ruwan shekara a Sakkwato bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, sai dai ba jimillar ce ke karya dam ba. Ruwan Agusta ne, wanda ke sauka kamar da bakin ƙwarya cikin awa ɗaya ko biyu a kan ƙasar da ta riga ta ƙoshi.

Mun ɗauki milimita 80 a awa guda, rabinsa kuma ya gangaro. Idan aka ninka 0.278 (lambar daidaita ma'auni) da 0.5 (rabin da ya gangaro) da 80 da 7.5, ana samun kubik mita 83 a sakan. Wannan hanyar lissafi ta fi dacewa da ƙananan filaye, kuma takan ɗan yi sama da gaskiya a fili mai girman namu. Mun bar ta a haka da gangan. Jimillar ruwan wannan awa kubik mita 300,000 ce, ta fi abin da dam ɗin ke ɗauka gaba ɗayansa.

Mafitar da ke akwai faɗinta mita 8. Da santimita 60 na ruwa a kanta, abin da za ta iya fitarwa kubik mita 6.3 ne a sakan. Wannan ma in tana buɗe ne, domin an gitta mata ragar waya don kada kifi ya gudu, ragar kuma takan toshe da kara da leda tun ruwan farko. Sararin da ke tsakanin bakin mafita da kan ganuwa bai fi kubik mita 57,000 ba, zai cika kafin a yi minti 20.

Wani dattijo mai lambu a ƙasan dam ya tabbatar da abin da lissafi ya nuna. Ya ce wa safiyonmu: "Yallaɓai, shekarar da ruwa yat tsallake ganuwag ga, har gindin gawon can yak kai." Mun haƙa inda ya nuna a bayan ganuwa, sai ga tsofaffin buhunan yashi da aka cike wani kwari da su.

19 ga Fabrairu

Yau aka yanke matakin haɗari, kuma shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

Tsarin da muka bi shi ne mai mataki uku da ake amfani da shi a Amurka, wanda injiniyoyi da yawa a nan suka saba da shi. Ƙaramin mataki: in dam ya ɓalle ba a sa ran rasa rai, asarar ma ba ta wuce dukiyar mai shi ba. Matsakaici: ba a sa ran rasa rai, amma za a yi ɓarnar dukiyar jama'a, kamar hanya, gonaki ko layin wuta. Babban mataki: akwai yiwuwar a rasa rai, ko da guda ɗaya ne. A lura cewa tsarin bai tambayi ko ganuwar tana da ƙwari ko ta ruɓe ba, bai kuma tambayi girmanta ba. Tambayarsa ɗaya: wa ke ƙasan dam, me zai same shi? Sabon dam da aka gina da kyau yana iya zama a babban mataki, rubabbe a tsakiyar daji kuma yana ƙarami.

Mun bi ƙoramar zuwa kilomita 3, muna yanka layin awo duk mita 100 zuwa 150. Bayanan tsayin ƙasa na tauraron ɗan'adam da ake samu kyauta a intanet, masu tazarar mita 30, ba su da amfani a nan, domin ƙoramar kanta ba ta kai wannan faɗi ba. Mita 300 na farko lambunan albasa da tumatir ne, da ramukan masu yin tubali. A mita 550 akwai hanyar ƙasa mai kwalbati, zobe biyu masu faɗin milimita 900. Daga mita 700 gidaje suka fara. Guda 14 suna cikin kwari, 11 daga ciki ginin ƙasa ne, ga masallaci, ga makarantar allo inda almajirai ke kwana a zaure. Lokacin da aka gina dam ɗin babu ko ɗaya daga cikinsu. Gari ne ya miƙo.

Don ƙiyasta ruwan da zai fito in ganuwa ta ɓalle, mun yi amfani da lissafin da injiniya Froehlich ya fitar a 1995 daga bayanan madatsun da suka taɓa karyewa. Dam cike zuwa bakin mafita, ba ruwan sama: kimanin kubik mita 185 a sakan. Dam cike zuwa kai, ruwa kubik mita 260,000: kimanin 225. An saka waɗannan a manhajar lissafin gudun ruwa mai suna HEC-RAS, wadda sashen injiniyoyin sojan Amurka ke bayarwa kyauta. A daidai gidajen farko kwarin yana da faɗin mita 120, ruwan da ya iso kusan 170 ne a sakan, zurfinsa mita 1, gudunsa mita 1.4 a sakan.

Yadda ake gane ko ruwa zai kayar da mutum shi ne a ninka zurfi da gudu. In abin da aka samu ya haura 0.4, yaro ba ya iya tsayawa. In ya haura 0.6, babba ma yana cikin hatsari. Namu 1.4 ne. Katangar ƙasa kuwa ba ta buƙatar gudu, jiƙewar gindinta kaɗai ta isa ta zaunar da ita. Lokacin da ruwan zai ɗauka daga ganuwa zuwa gidan farko bai wuce minti 6 zuwa 8 ba, kuma ruwan Agusta ya fi son dare.

Saboda haka: babban mataki. Ba mu ga wata hanyar karanta wannan sakamako ta daban ba.

27 ga Fabrairu

Zama da mai dam da lauyansa. Mai dam bai ji daɗin hukuncin ba, ya ce ai wannan kududdufi ne, don me za a sa shi layi ɗaya da Goronyo ko Bakolori. Babban injiniyanmu ya ce masa: "Alhaji, ba ruwanka muka auna ba, maƙwabtanka muka ƙirga." An tuna masa Bagauda ta Kano a Agustan 1988, da dam ɗin Gusau a ƙarshen Satumban 2006, da Alau ta Maiduguri a Satumban 2024. Mutanen Sakkwato kuma ba su manta 2010 ba, lokacin da ruwan Goronyo ya cinye ƙauyuka ya yanke hanyar jami'a. Waɗannan manya ne, gaskiya, amma ga wanda ke barci mita 700 daga ganuwa, ruwan mita ɗaya ruwan mita ɗaya ne.

Gyara ba ya sauke dam daga babban mataki. Abin da ke sauke shi biyu ne: a tashi mutanen da ke kwari, ko a rage dam ɗin har ɓallewarsa ta daina isa gare su. Alhaji bai zaɓi ko ɗaya ba, don haka aka tsaya a kan gyara mai nauyi. Za a ɗaga kan ganuwa zuwa 100.40, faɗi mita 4. Za a sauke bakin mafita zuwa 98.60, a faɗaɗa ta zuwa mita 35. Da ruwan mita 1.3 a kanta za ta fitar da kubik mita 88 a sakan, a bar rabin mita na kariya. In ruwa ya kai har kan ganuwa, 144. A jihohi da dama na Amurka ana neman dam mai wannan mataki ya iya ɗaukar mafi girman ambaliyar da ka iya aukuwa, ko rabinta. Namu bai kai can ba, kuma mun rubuta hakan ƙarara a rahoto; giɓin da ya rage tsarin gargaɗi ne zai cike shi.

Sauke mafita da rabin mita zai rage ruwa kimanin kubik mita 42,000, kashi ɗaya cikin biyar. Nan aka fi jan magana. An kuma umarci lauya ya tattara takardun izini bisa dokar albarkatun ruwa ta 1993 da ƙa'idojin madatsun ruwa da hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, ta fitar a 2014. Zanen gyara injiniya mai rajistar hukumar kula da aikin injiniya, COREN, ne zai sa masa hannu.

18 ga Maris

An rage ruwa daga 98.00 zuwa 96.50 cikin mako biyu, da bututun roba biyu masu faɗin milimita 150 da aka ɗora ta kan ganuwa suna zuƙo ruwa da kansu. Kowanne yana ba da kusan lita 50 a sakan da farko, yana raguwa yayin da ruwa ke sauka. Ba a bari saukar ta wuce santimita 15 a rana ba. In aka yi gaggawa, ruwan da ke cikin ƙasar ganuwa bai samu ya tsane ba, nauyin da ke tokare ta daga gaba kuma ya tafi, sai fuskar ta zame cikin dam. Sau biyu zuƙon ya tsaya saboda iska ta shiga ta mahaɗa. Gam da zoben roba suka magance. An sanar da masu noman rani tun kafin a saki ruwan, suka juya shi cikin fadamarsu.

Tsohon bututun ƙarfe an toshe bakinsa ta ɓangaren ruwa, an ɗura masa kunun siminti daga ƙasa zuwa sama, da ɗan bututun shaƙar iska don kada a bar rami. Ya ci kusan kubik mita 2.

Itatuwa: wanda kaurin gindinsa bai kai santimita 15 ba an sare shi daidai ƙasa an shafa wa kututturen magani, domin dogon yaro in ba a kashe shi ba sai ya tofo. Manya an tumɓuke su da saiwa, an faɗaɗa ramin, an cike da yumɓu hawa-hawa ana dannewa. Sare babban itace a bar saiwarsa ta ruɓe a ciki ya fi barinsa a tsaye muni, tunda kowace ruɓaɓɓiyar saiwa hanya ce ta ruwa. Suri kuwa sai an haƙa har ɗakin uwar gara. Ɗaya daga ciki ya shiga mita 2.3 cikin ganuwa.

Saboda azumi da zafi, aiki daga bayan asuba ne zuwa ƙarfe 11.

2 ga Afrilu

Wurin a rufe ya yi hutun Ƙaramar Sallah. Janyewar ruwa ta tona wani abu da ba ya cikin lissafin matakin haɗari amma yana kisa: ramin da aka ɗebi ƙasar ganuwa, mita 15 kacal daga inda yara ke wanka. Daga zurfin gwiwa sai mutum ya faɗa mita 3. An ture gaɓarsa da buldoza ta zama gangare. Wurin iyo za a kewaye shi da igiya mai jarkoki, zurfi kada ya wuce mita 1.2. Wata igiyar za ta tsare kwale-kwale mita 30 daga mafita. Kowane jirgi an rubuta masa adadin mutane a jiki, ba mai shiga sai da rigar kariya. An ga katantanwa da yawa cikin ciyawar gaɓa, an ba da shawarar a nome ta, a kuma sa ma'aikatan lafiya su gwada yaran unguwa saboda tsargiya.

29 ga Afrilu

Cikon bayan ganuwa ya kai kashi biyu cikin uku na kubik mita 4,600 da ake buƙata. Kafin a zuba sabuwar ƙasa ana kankare ciyawa, a yanka tsohuwar fuskar mataki-mataki, in ba haka ba sabo da tsoho ba sa kama juna. Ana baza ƙasa kaurin santimita 20, rola mai ƙusoshi ta bi sau 8, ta koma kusan 15. Abin da ake nema kashi 95 cikin 100 na danƙarewar da gwajin ɗakin bincike ya nuna.

Matsalar wannan wata danshi ne. Da zafin da ya haura digiri 40, ƙasar da aka jiƙa da safe kafin azahar ta zama gari. Gwaji 3 cikin 11 sun faɗi, duk na aikin rana ne, aka sa aka kwashe aka sake. Yanzu tanka tana jiƙa ƙasar tun a ramin ɗiba da yamma ta kwana. Gwajin hannu da leburori suka riƙe: a dunƙula, in ta riƙe siffa ba ta jiƙa tafin hannu ba, ta yi, in ta wargaje a ƙara ruwa.

A gindin ganuwa an shimfiɗa matata: yashi mai tsabta santimita 30, tsakuwa santimita 30, bututu mai huji na milimita 150 a tsakiyar tsakuwar, sannan yashi ya sake rufewa. Aikinta ta bar ruwa ya wuce ta riƙe ƙasa. An mayar da tifa 2 na yashi saboda laka ta yi masa yawa. Yashi mai laka toshewa yake, ya mai da matatar katanga. An kuma zagaye ƙarshen tsohon bututun da irin wannan yashi. Bututun leƙen ruwa 4 masu faɗin milimita 50 an kafa su a bayan ganuwa don a riƙa sanin inda ruwa ya tsaya a ciki.

28 ga Mayu

An gama haƙar mafita a gefen hagu, cikin ƙasar asali mai marmara, nesa da ganuwa. Gudun ruwa a bakinta zai kusa mita 3 a sakan, ciyawa kaɗai ba ta jure wannan. An zuba katangar kankare mai kaurin santimita 40, zurfin mita 1.2, samanta daidai 98.60 daga wannan gefe zuwa wancan. Bambancin santimita 5 ma yana sa ruwa ya tattaru gefe guda ya haƙa. Bayanta an jera kejin waya cike da duwatsu tsawon mita 12. Babu raga, kuma an rubuta a yarjejeniya cewa ba za a sake gitta komai ba. Kifin da ya fita ya fita.

Fuskar ruwa an jera mata duwatsu a kan tsakuwa. Bayan ganuwa za a dasa kiri-kiri da zarar ruwa ya sauka, jema kuma a gefen mafita.

12 ga Yuni

Tsarin gargaɗi. An kafa sandar awo a inda maigadi zai hange ta da tocila, an shafa mata fenti. Kore har zuwa 99.20. Rawaya daga 99.20: maigadi ya kira mai dam da injiniya da mai unguwa, ya zauna a kan ganuwa yana karanta sanda duk minti 15. Ja daga 99.60: a fitar da mutane, ba sai an jira izinin kowa ba. Akwai abubuwan da ke kai mataki ja ko da sanda tana kore: ruwan matata ya yi laka, ko ya ninka ba tare da ruwan sama ba, ko rami ya buɗe a kan ganuwa, ko a ga ruwa yana juyawa a kusa da ita.

An yi zama a zauren hakimi. Liman ya amince a yi amfani da lasifikar masallaci, aka saya mata batir na daban saboda wuta takan ɗauke da hadari. Malamin makarantar allo ya ce: "Ranka shi daɗe, yaran nan in sun yi barci ko ganga ba ta tashe su," don haka aka ware manyan almajirai 4, kowanne da rukunin da zai tasa. Hanyar gudu ita ce a hau tudun gabas, mita 200, kada a bi ƙorama ƙasa, kada kuma a nufi kwalbati. Gwajin da aka yi da rana ya ɗauki minti 11, ya fi lokacin isowar ruwa. Wannan ne dalilin da ya sa aka ajiye alamar ja santimita 80 ƙasa da kan ganuwa. An kai kwafin tsarin ofishin hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha.

19 ga Agusta

Dam ya cika tun 30 ga Yuli. Daren jiya ma'aunin da ke wurin ya tara milimita 74. Ruwa ya hau santimita 42 a kan mafita, wato kusan kubik mita 16 a sakan, fiye da ninki biyu na iyakar tsohuwar mafita. Sanda ba ta fita daga kore ba.

Ganuwa lafiya, sai 'yan ƙananan kwari a inda kiri-kiri bai rufe ba. Ƙarshen kejin duwatsu ne ya samu matsala: ruwa ya haƙa rami mai zurfin santimita 70, layin ƙarshe ya karkata. Dalili shi ne an ajiye shi a kan ƙasa ba a binne ƙafarsa ba. An cike da manyan duwatsu na wucin gadi, da rani za a haƙa masa ƙafa mita 1.

Ruwan matata ba a karanta shi sai an yi awa 48 da ɗaukewar ruwan sama, in ba haka ba ruwan gangare ne ake aunawa. Karatun makon jiya santimita 5 ne, lita 0.77 a sakan, fari tas. Ya fi na Janairu, kuma haka ake tsammani tunda yanzu matata tana tattaro abin da da yake bazuwa cikin kacala.

Abin da ya fito fili shi ne kwalbati. Zobe biyun ba sa wuce kubik mita 3 a sakan, ruwa ya bi ta kan hanya na tsawon awa 4, babura suka tsaya, gonaki 2 suka kwanta. Faffaɗar mafita tana kare ganuwa, amma tana sakin matsakaicin ruwa da sauri fiye da da. Wannan hakkin mai dam ne ya sa hannu a gyara, ko da hanyar ba tasa ba ce.

16 ga Satumba

Ruwa a bututun leƙe ya tsaya: uku suna nuna mita 2 ko fiye ƙasa da fuskar ganuwa, na huɗu, mai kusa da farin dutsen gefen dama, mita 1.1. Shi za a riƙa karantawa duk kwana 3. In ruwan ya hau har tazararsa da fuskar ganuwa ta kasa mita 0.8, za a shimfiɗa yumɓu mai kaurin rabin mita a kan dutsen ta ɓangaren ruwa idan rani ya yi. Awon kan ganuwa ya nuna ta zauna santimita 3 a tsakiya, cikin abin da aka yi tanadi.

A zagayen wannan mako an ga an kafa duwatsun fuloti 9 tsakanin lambuna da kwalbati, mita 400 daga ganuwa, inda lissafi ya nuna zurfin ruwa zai haura mita 1.5. An rubuta wa hakimi da ƙaramar hukuma, an haɗa da taswirar inda ruwa zai bi. Zanen sabon kwalbati mai akwati biyu, kowanne mita 2.5 faɗi da 1.5 tsayi, yana hannun safiyo. Gwajin fitar da mutane na dare an sa shi 4 ga Oktoba, bayan sallar isha'i.